Roundcube ko SnappyMail zan ɗora wa ƙaramar sabarmu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin kayan gini a nan Kano, mu 35 ne. Mun kama hayar sabar mai RAM giga 2, na ɗora Postfix mai aikawa da karɓar imel da Dovecot mai ba mutane damar shiga akwatunansu, saƙo na shiga yana fita lafiya lau. Saura shafin da mutane za su riƙa buɗe imel ta burauza. Na fara sa SquirrelMail don shi na sani, amma da akawunmu ya buɗe a wayarsa sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan ai sai da tabarau." Gaskiyarsa, sai ka yi ta baza allo da yatsu biyu kafin ka ga layi ɗaya. Yawancinsu a waya suke karantawa, a wurin gini, inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne takardun kuɗin da ke kwance a akwatunan nan. Tsakanin Roundcube da SnappyMail, wanne zan ɗauka?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. SquirrelMail kam sauke shi, ko cPanel, masu manhajar sarrafa sabar, sun cire shi tun 2019. Zimbra kuma kada ka ma fara, giga 8 yake so, zai shaƙe maka sabar. Ni SnappyMail nake amfani da shi, ba ya buƙatar rumbun bayanai kafin ya tashi, kuma yana buɗewa da sauri ko netwok na rarrafe. Sai dai ka kula kada ka ɗauko RainLoop, wanda daga jikinsa aka ciro SnappyMail. A 2022 an bayyana wata ɓaraka a cikin RainLoop ɗin, wadda aka daɗe ba a gyara ta ba.

Ɗan Maraɗi:
Malam, tunda ka ambaci takardun kuɗi, ni Roundcube zan ce. Ba wai ba ya da kafa ba. A Oktoban 2023 masu kutsen da ake kira Winter Vivern sun bi ta cikinsa suka kai wa hukumomin Turai hari, buɗe saƙon kawai ya isa. A Yunin 2025 ma an sake samun wata babba, aka toshe ta a sigar 1.6.11. Amma idanu da yawa ke kansa, faci na fitowa da wuri, kuma kamfanin Nextcloud ne ke riƙe da shi tun ƙarshen 2023.

Aikin yana wuyanka. Na taɓa jinkirta sabuntawa wata biyu, kalmar sirrin mutum ɗaya kuma mai rauni ce. Na wayi gari layin Postfix cike da dubban saƙonnin banza, Gmail na dawo mana da komai. Mako guda ina wanke sunan sabar, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Nauyin da ake cewa Roundcube na da shi kuwa, sau da yawa dalilin shi ne duk dannawa sai ya sake ƙulla magana da Dovecot. Kunna OPcache mai hanzarta lambobin PHP, ka sa imapproxy a tsakani don ya riƙe haɗin da Dovecot a buɗe. Giga 2 ya ishi mutum 35. Fuskarsa mai suna Elastic na zama daidai a waya. Ka goge babban fayil ɗin installer da zarar ka gama, ka haɗa fail2ban mai toshe masu yawan gwada kalmar sirri.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Zan gwada Roundcube ranar Asabar, in ba wa akawun ya fara taɓawa. Ɗan Maraɗi, imapproxy ɗin a kan sabar ɗaya kake ajiye shi?

Ɗan Maraɗi:
Eh, a kanta. Ka ɗaure shi a 127.0.0.1 kawai, wato adireshin cikin sabar, kada ya leƙa waje.