Muhawara: Shin wasan Kenshi ya cancanci dala 30?

Auwal:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ajiye wata magana a gabanku, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ita ba. A cikin wasannin kwamfuta da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suka gina a kan rayuwa bayan rushewar duniya, ban ga wanda ya kai Kenshi cancantar a saye shi da cikakken farashinsa ba, wato kusan dala 30 a Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta na intanet. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Chris Hunt ne ya fara haɗa shi shi kaɗai, yana aikin gadi da dare don ya samu na abinci, kuma shi ne ya kafa kamfanin Lo-Fi Games da ke birnin Bristol. An fara sayar da shi a Steam tun bai kammala ba a shekarar 2013, cikakkensa kuma ya fito a watan Disamba na 2018, bayan aiki na kimanin shekara 12.

Hujjata guda ɗaya ce. Kusan kowane wasa irin wannan yana karɓar ka a matsayin gwarzon da duniya ke jira, shi kuwa Kenshi yana jefa ka cikin hamada mai faɗin murabba'in kilomita 870 ba ka da suna, ba ka da ƙarfi, kuma ko gungun 'yan fashin da yunwa ta gama ramar da su sun fi ƙarfinka. Duk abin da ka zama daga baya, da guminka ka same shi. Wannan ne abin da nake cewa ya kai kuɗinsa.

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam. Auwal ƙanena, ban musa maka kyan tunanin da aka gina wasan a kai ba, amma mai saye ba tunani yake biya ba, kaya yake biya, kuma kayan nan yana da aibin da ya kamata a faɗa wa mutane tun kafin su cire kuɗi. An gina Kenshi a kan wani tsohon injin zane mai suna OGRE, kuma ana jin tsufansa a ko'ina. Idan mutanenka suna gudu daga wani yanki zuwa wani, wasan yakan tsaya cak yana loda ƙasar da ke gaba, wani lokaci ma a daidai lokacin da ake bin ku da takobi. A kwamfutar da ba ta da ma'ajiya mai sauri irin ta SSD abin yakan yi muni ƙwarai. Sannan mutanen da kake ba umarni sukan maƙale a jikin katanga ko bakin ƙofa, ko ka tura su wani wuri su ɗauki hanyar da ba ta da ma'ana.

Ni sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma na san irin laftof ɗin da yawancin samarinmu ke riƙe da shi, na hannu ne, ba shi da katin zane na daban. Wasan yana neman Windows mai 64-bit, da RAM aƙalla gigabait 6, da fili kusan gigabait 14, wannan kuma shi ne mafi ƙaranci, ba wanda za a ji daɗi da shi ba. Ka haɗa da kuɗin datar saukewa da wahalar samun katin da ke biyan dala, za ka ga cewa dala 30 ɗin ba ita ce ƙarshen lissafi ba.

Auwal:
Malam, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma ba zan ce wa mai ƙaramar kwamfuta ya saya ba. Amma ina roƙon a raba magana biyu, domin ko kwamfutar mutum za ta ɗauki wasan daban, ko wasan kansa yana da daraja daban. A bar ni in nuna abin da nake nufi da misali na kusa.

Ka fara a matsayin matafiyi a kangon garin da ake kira The Hub, da kuɗin wasan dubu ɗaya a aljihu. Ka fita bayan gari kana haƙar tagulla don ka sayar ka sayi busasshen nama. 'Yan fashi suka far maka, suka karya maka ƙafa, suka kwashe abincinka, suka bar ka kwance jini na zuba. A wani wasan nan ne za a rubuta maka cewa ka mutu, ka sake farawa. A Kenshi kuwa, idan raunin bai kai ga kisa ba, mutuminka zai farfaɗo, ka ɗaure masa raunin da tsumman magani, ya ja ciki har ya isa ƙofar gari. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, wannan dukan da ya sha shi ne ke ƙara masa juriya, ta yadda karo na gaba zai daɗe a tsaye fiye da na baya. Ƙarfi yana ƙaruwa ne idan ya yi tafiya ɗauke da kaya mai nauyi, gudu yana ƙaruwa da gudu, iya buɗe kwaɗo yana ƙaruwa da yawan gwadawa. Idan aka sare masa hannu, hannun ya tafi ke nan, sai dai ya tara kuɗi ya sayi na ƙarfe. Ban san wasan da ya mayar da faɗuwa ta zama hanyar ci gaba kamar wannan ba.

Hauwa'u:
Ina yi wa kowa sallama. Yaya Auwal, inda na saɓa da kai ba wajen injin ba ne, wajen ma'anar irin wannan wasa ne. Ni abin da ke kai ni ga wasan da mutum ke shiga rigar wani ya rayu a cikinta shi ne labari, da hira, da zaɓin da zan yi in ga sakamakonsa a rayuwar wasu. Tun daga wasan Fallout na 1997 wannan shi ne ginshiƙin wasannin bayan rushewar duniya. Kenshi ba shi da babban labari ko ɗaya, babu wanda zai aike ka, babu littafin ayyuka, babu ƙarshe. Hirar da ke ciki tana da kyau inda take, amma ƙalilan ce, kuma bayan ɗan lokaci sai ka ji masu gadin gari suna maimaita magana ɗaya.

Idan mutum yana da kuɗin wasa ɗaya kacal, ni ATOM RPG zan nuna masa. Shi ma ƙaramin rukuni ne ya yi shi, ya fito a 2018, an gina shi a kan cewa yaƙin nukiliya ya ɓarke a 1986 ya rusa Tarayyar Sobiyet, kai kuma a shekarar 2005 aka tura ka neman wata tawaga da ta ɓace. Faɗansa bi da bi ne, kana da lokacin tunani, kusan kowane mutum a ƙauye yana da abin da zai faɗa maka, farashinsa kusan rabin na Kenshi ne, kuma akwai shi a wayar Android. Ga wanda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu, wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Auwal:
'Yar'uwa, ATOM RPG wasa ne mai kyau, kuma maganar waya hujja ce mai ƙarfi. Amma ban yarda cewa Kenshi ba shi da labari ba. Labarin yana nan, sai dai ba a karanta maka shi, a cikin ƙasa yake binne. Wanda ya kutsa cikin tsofaffin kangaye zai fahimci cewa dauloli biyu ne suka tashi suka faɗi kafin zamanin da yake ciki, kuma mutanen ƙarfen da ake kira Skeletons sun san abin da ya faru amma ba sa son faɗa. Akwai yankin Venge inda wani haske ke saukowa daga sama yana ƙone duk wanda ya taɓa, akwai Deadlands inda ruwan sama ke cin fata, kuma kowannensu saura ne na abin da mutanen zamanin baya suka ƙera.

Zaɓi kuma yana da sakamako. Idan ka kama ko ka kashe shugaban wata daula, alal misali Phoenix, shugaban daular Holy Nation da ke mulki a garin Blister Hill, garuruwansa na iya faɗawa hannun abokan gaba ko su zama kango. Bambancin kawai shi ne babu wanda ya ce ka yi, kai ne ka ga zalunci ka ƙudura.

Bashir:
Da yake an ambaci zalunci, ina ganin akwai abin da ba a taɓa ba, kuma ya fi injin da labari nauyi ga wasu daga cikinmu. Wasan cike yake da bauta. A ƙasar United Cities ana farautar talakawa a sayar, kuma idan ka suma a hanya masu cinikin bayi na iya tsintar ka, su aske maka kai, su sa maka mari. Akwai sansanin Rebirth inda Holy Nation ke sa bayi fasa dutse. Akwai masu cin naman mutane a Fog Islands da ke ɗaure mutum a jikin turke su cinye shi da ransa, ana jin kururuwarsa. Har ila yau ɗan wasa na iya noma tabar wiwi ya yi fasa-ƙwaurinta, ko ya dafa giya ya sayar, kuma waɗannan suna cikin hanyoyin samun kuɗi mafi sauri. Ita kanta Holy Nation an zana ta ne a matsayin daular addini mai danne mata da ƙin baƙi, wanda hakan ke sa ni tambayar saƙon da ake son isarwa game da masu addini gaba ɗaya. Ba na cewa a hana kowa, amma uban da zai saya wa ɗansa ya kamata ya san wannan.

Hauwa'u:
A nan zan tsaya a gefen wasan, duk da cewa ba na goyon bayan sayensa da cikakken farashi. Malam Bashir, wasan bai ƙawata bauta ba, ya nuna ta ne a mummunar kamarta, kuma yana sa ka ɗanɗana ta daga ƙasa. Akwai hanyar fara wasa da za ka buɗe ido kana bawa a Rebirth, da mari a ƙafa, kana jin yunwa, kana koyon buɗe kwaɗon kejinka da dare alhali masu gadi na zagayawa. Wanda ya tsere daga wannan wuri ba ya fitowa yana sha'awar cinikin mutane. Akwai ma ƙungiyar masu yaƙi da bauta ƙarƙashin Tinfist da za ka iya shiga. Batun addini kuma, addinin Okran da Holy Nation ke bi ƙirƙirarre ne, kuma daular da ba ta damu da addini ba, wato United Cities, ba ta fi ta adalci ba, a wasu wuraren ma ta fi ta rashin imani, domin a can talauci kansa laifi ne. Amma na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa ba wasan yara ba ne.

Bashir:
Na gamsu da bayaninki kan bauta. Kan wiwi da giya kuwa ina nan a kan bakana, domin wasan yana saka wa mai yin su da riba mai yawa, ko da yake na san ana iya rayuwa a ciki da noman alkama, ko ƙira, ko ɗinkin sulke.

Malam Nasiru:
Bari in dawo da mu kan kuɗi, tunda tambayar ke nan. Ƙa'idar Steam ita ce ana mayar wa mutum kuɗinsa idan ya nema cikin kwana 14 kuma bai buga wasan ya wuce awa 2 ba. Ga yawancin wasanni awa 2 ta isa mutum ya gane ko zai so. Ga Kenshi ba ta isa ba ko kaɗan, saboda a wannan lokacin abin da sabon shiga zai gani shi ne haƙar tagulla, da gudu, da shan duka, ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba. Daɗin da Auwal ke magana a kai, na tara mutane har 30, da gina gari, da fuskantar masu karɓar haraji da mahara a ƙofarka, yana zuwa ne bayan ƙofar mayar da kuɗi ta rufe. Wato mai saye yana sayen doki ne a cikin ruwa, ƙafafunsa bai gani ba.

Sannan akwai wani abu da masoyansa ba su cika faɗa ba. Da yawa daga cikinsu ba sa buga shi yadda ya fito, sai sun ɗora gyare-gyaren da sauran 'yan wasa suka yi a Steam Workshop, wato sashen Steam da 'yan wasa ke ajiye irin waɗannan gyare-gyare, wasu don rage nauyin zane, wasu don gyara halayyar mutanen wasan. Idan kaya sai mai saye ya gyara shi da kansa kafin ya yi daidai, ai bai kamata a karɓi cikakken kuɗi ba.

Auwal:
Malam, maganar awa 2 ta kama ni, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo a nan. Amma ina ganin awa 2 ɗin tana da amfani ɗaya babba, ta isa mutum ya gane ko kwamfutarsa za ta ɗauka. Ya fita daga The Hub ya ruga zuwa Squin, garin ƙabilar Shek da ke kusa, ya ga sau nawa wasan ya tsaya, idan abin ya yi yawa ya nemi kuɗinsa nan take. Sanin ko zai so salon wasan kuma yana iya samun sa kyauta ta kallon masu buga shi a YouTube kafin ya biya.

Game da gyare-gyare, ni ina ɗaukar su a matsayin ƙari a kan abin da aka saya, domin ba a biyan ko kwabo a kansu, kuma su ne suka sa wasan da ya fito a 2018 har yanzu yake da jama'a. Ya wuce kwafi miliyan 1 tun 2020, ba da tallan babban kamfani ba. Kuma a cikinsa babu sayen wani abu bayan an saya, babu kuɗin wata, ba ya buƙatar intanet yayin bugawa. Wanda ya shiga ya kama, zai iya shafe watanni a kan wannan biya ɗaya.

Hauwa'u:
Sharaɗin ke nan, Yaya, wanda ya shiga ya kama. Maganarka ta farko ita ce ya fi kowa cancanta, ni kuma abin da na ji daga bakinka yanzu shi ne ya cancanta ga mai kwamfuta mai ƙarfi, mai haƙuri, mai jin Turanci, wanda ba ya buƙatar a ba shi labari. Irin wannan mutum yana nan, amma ba shi ne mafi yawa a cikinmu ba.

Malam Nasiru:
Ga wanda ya riga ya ƙudura, shawarata ita ce ya sa wasan a jerin abubuwan da yake so a Steam, domin za a sanar da shi idan an yi ragi, kuma ana yin babban ragi a tsakiyar shekara da kuma ƙarshen Disamba. Kada kuma kowa ya zauna jiran Kenshi 2, wanda aka sanar tun 2019 kuma aka mayar da aikinsa kan injin Unreal, domin bisa ga dukkan alamu zai nemi kwamfutar da ta fi wadda na farkon ke nema. Auwal, ka rubuto mana irin kwamfutar da kake amfani da ita, da girman RAM ɗinta, da ko SSD ce a ciki, don masu niyya su gwada da tasu.