Musayar Waƙa: Jesse James, Gwarzo ko Ɗan Fashi?

Baba Na-Fagge:
Jiya jikana ya kunna mini tsohon fim ɗin kaboyi na 1939, *Jesse James*, wanda Tyrone Power ya fito a Jesse, Henry Fonda kuma a yayansa Frank. Barci ya ƙi zuwa, sai na ɗauki alƙalami. Mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Waƙar kaboyi nake tsarawa,
Jesse na Mizuri nake yabawa,
Gonar gado yake nomawa,
'Yan jirgin ƙasa suka zo ƙwacewa.

Suka zo da takardar yaudara,
Eka dala ɗaya, kamar wasan yara,
Suka jefa bam a gida ba shawara,
Uwa ta mutu, wa zai saurara?
Ya ɗaura sirdi, doki ya zabura.

Ɗan Damagaram:
Baba, a gafarce ni, yau zan ɗan taɓa rawaninka.

Baba, silima ba ta ba ka gaskiya ba,
Jirgin ƙasa bai raba shi da gona ba.
Gidansu masu bayi ne, ba talakawa ba,
Ya shiga yaƙin basasar Amurka bai cika sha bakwai ba,
Ya bi rundunar Anderson da ba ta san tausayi ba,
A Centralia, sojan da ba makami ma ba su ƙyale ba.
Kuɗin banki da na jirgi, ba a ga ya raba ba,
Ɗan jarida Edwards ya wanke shi, ba halinsa ba.

Inna Ta-Sallah:
Ku maza kun tsaya kan bindiga, kun manta da tsohuwa, Zerelda mahaifiyar Jesse. Fim ya kashe ta tun da wuri, alhali ta ga bayan ɗan nata.

A 1875 cikin dare,
'Yan Pinkerton, masu farautar 'yan fashi, suka zo suka tsare,
Wutar da suka jefa ta tarwatse,
Hannun Zerelda sai da aka datse,
Ƙaramin ɗanta Archie ya kwanta ke nan.

Da Jesse ya mutu, a gida ta binne,
Baƙi na zuwa, tana nan zaune,
Tsakuwar kabari take sayarwa,
Santi 25, ana ta ɗibarwa,
In ta ƙare, rafi na nan.

Baba Na-Fagge:
To, yara sun taso ni a gaba. Na karɓa. Amma ko ɓarawo yana da haƙƙin maƙwabtaka, ku ji ƙarshensa.

Uku ga Afrilu, 1882, da hantsi,
A St. Joseph, gida ba hargitsi,
Ya kwance bindiga ya ajiye gefe,
Ya hau kujera don hoto ya goge.
Bob Ford da ke ci a akushinsa,
Shi ya ɗana harsashi a ƙeyarsa.
Don ladan gwamna ya ci amana,
Wannan kam ba ya shiga zaurena.

Ɗan Damagaram:
Baba, Ford ban wanke shi ba,
Gwamna ya yafe masa, duniya ba ta yafe ba,
A Creede, 1892, bindiga ba ta bar shi ba.
Amma a Northfield, 1876, ba ka tuna Heywood ba,
Ma'ajin banki da ya ƙi buɗe wa 'yan fashin Jesse akwati, bai koma gida ba,
Shi Hollywood ba ta sa sunansa a kan fim ba.

Inna Ta-Sallah:
Ɗana, bar Baba ya huta haka. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin da Jesse da Frank suka faɗa ruwa bisa dawakai daga kan dutse a fim ɗin. Ba dabarar kyamara ba ce.

Doki na gaske aka tunkuɗa,
Daga tsauni ya faɗo yana juyawa,
Ya mutu, masu kallo na tafawa,
Sai da jama'ar Amurka suka yi ca,
Aka sa masu tsaron dabba wurin ɗaukawa.

Baba Na-Fagge:
Wayyo, Inna! Wurin nan sau uku na sa yaron ya maimaita mini jiya.