Laftof ɗina ya tsufa, a sa masa Linux ko a haƙura?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min da shawara. Ina da HP EliteBook 8460p, ɗan gwanjo ne na saya a Computer Village da daɗewa, Core i5 ram ɗinsa 4GB, Windows 10 ce a kai. Yanzu in na kunna sai na yi ta zaman jira kafin ya gama buɗewa, fanka na ta ihu kamar zai tashi sama, kuma naji ance Microsoft sun daina kula da Windows 10. Aikina da shi ba wani mai yawa bane, wasiƙun ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa nake bugawa da lissafin kuɗin mambobi, sai yara da suke kallon karatu a YouTube. Wani yaro a masallacinmu yace in sa Linux a madadin Windows wai kyauta ce kuma ba ta da nauyi, to ni tsorona kar in rasa takardun mutane ko in kasa aiki da ita. Sabo kam ba halinsa yanzu wlh.

Injiniya Ikeja:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Tun 14 ga Oktoba 2025 aka tsayar da tallafin Windows 10, ita kuma Windows 11 tana son TPM 2.0 (wani ɗan guntun na'urar tsaro ne a cikin kwamfuta) da firosesa daga ƙarni na 8 zuwa sama, naka ƙarni na 2 ne, don haka ka ma cire rai da ita. Amma injin nan fa yana da sauran ƙarfi sosai, kar ka yar.

Ka nemi Linux Mint 22, kala-kala take zuwa, ka zaɓi mai suna Xfce don ita ce mara nauyi a cikinsu, za a ci gaba da kula da ita har 2029, kuma fuskarta kusan irin ta Windows ce, menu a ƙasa ta hagu, ba za ka ɓata ba. Fayil ɗin ya kusa 3GB, gara ka sauke da datar dare. Ka samu filash mai 8GB, ka sauke ƙaramar manhajar nan Rufus a Windows ɗinka ka sa ya rubuta Mint ɗin a kai, ka sani duk abin da ke filash ɗin zai goge. Ka kashe laftof, ka soka filash, kana kunnawa ka dinga danna F9 har ya nuna maka inda zai tashi, ka zaɓi filash.

To ga wajen da nake so ka natsu Alhaji. In ta buɗe KAR ka taɓa alamar nan ta instol tukuna. Daga kan filash ɗin take gudu, ba ta taɓa komai naka ba, ka zauna da ita ka gwada waifai, ka gwada sauti, ka jona firintarka ka ga ko za ta buga, ka buɗe ɗaya daga wasiƙunka a LibreOffice, manhajar buga takardu da ke zuwa da ita, ka ga yadda ta fito, in wani abu bai maka ba ka zare filash ka kunna, Windows ɗinka na nan yadda ka barta. Mutane da yawa da ke zuwa shago suna kuka da Linux wannan gwajin ne suka tsallake. Sai komai ya yi, ka kwashe takardun ƙungiya gaba ɗaya zuwa wani filash daban, ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu, sannan ka danna instol ka ce ta goge Windows da duk abin da ke cikin laftof ɗin ta shiga.

Sarkin Yaƙi Mile 12:
Ni dai inaga wahala kawai za ka ɗorawa kanka. Ka kai a maka fomat a mayar da Windows 7 shikenan zai yi gudu. Linux ɗin nan ba ta ɗaukar CorelDraw, kuma in ta lalace wa zai gyara maka a Agege?

Injiniya Ikeja:
Sarkin Yaƙi maganar Corel gaskiyarka ce, ba ya hawa, mai aikin zane da shi yake cin abinci ba zan ce ya koma ba. Amma Alhaji wasiƙa da lissafi yake yi. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka barta, Chrome ma ya daina sabuntawa a kanta, ga sunayen mutane da kuɗinsu a ciki ga yara na hawa intanet da shi, ban ba da wannan shawarar ba sam.

Maman Hanif:
Baba ni malamar makaranta ce a Idi-Araba, Mint ɗin nake aiki da ita a tsohon laftof na maigidana. Abin da zan ƙara, in da hali ka canza had disk ɗin ka sa SSD, wato sabon nau'in disk mai sauri, ko da mai 128GB ne, mafi yawan nauyin nan daga shi ne, kuma kaga tsohon sai ya zama ajiya da takardunka a ciki ba a goge komai ba. Sannan in batirinka ya mutu kar ka fara instol da wutar NEPA, in suka ɗauke ana tsakiya sai an sake daga farko, ka bari sai an tada janareta. Wasiƙar da za ka turawa mutane kuma ka dinga ajiye ta a PDF ko docx don ta buɗu a wajensu. Akwai ma kibod na Hausa a saitin, yana ba da ƙ da ɗ da ɓ, da shi nake buga jarabawar yara.

Ɗan Agege:
Allah ya saka muku da alheri. Na gwada daga filash yadda Injiniya yace, sauti ya yi, firinta ta buga, wasiƙa ma ta fito daidai, amma waifai bai nuna komai ba. A fasa kenan?

Injiniya Ikeja:
A'a Alhaji kar ka fasa, direban katin waifai ɗin ne, wato manhajar da ke sa shi aiki, bai zo a ciki ba, wasu katunan sai an ɗora musu daga baya. Bayan ka gama instol ka jona wayarka da kebul, ka kunna USB tethering a wayar, laftof zai samu intanet ta nan. Sai ka buɗe Driver Manager, zai nuna maka direban, ka zaɓa ka sake kunnawa. In bai nuna ba ka buɗe Terminal, wajen rubuta umarni ne a menu, ka rubuta lspci ka ɗauko hoton abin da ya fito ka turo nan in duba.