Rumbun PokerTracker ya kai giga 38, laftof ta koma tafiyar hawainiya: cika ya yi?

Bashir_PZ

Assalamu alaikum, injiniyoyin gida. Ga laftof an kawo shago: Core i5, RAM giga 8, Windows 10, faifan ajiya irin mai juyawa na giga 500, saura giga 20 fili. Mai ita yana amfani da PokerTracker 4, manhajar da ke adana kowane hannu (wato zagayen wasa ɗaya) da aka buga a kartar poker ta intanet, ta riƙa nuna lissafin abokan wasa a kan tebur. Rumbun bayanan ya kai giga 38. Yanzu rahoto ɗaya in ka buɗe, sai ka je wurin mai shayi ka dawo bai gama ba. Shi ya dage wai rumbun ne ya cika. Da gaske yana da iyaka? A goge a sake ne, ko da gyara?

InjiniyaSani_Samaru

Wa alaikumus salam, Bashir. Kar ka goge komai tukun. PokerTracker 4 ba shi ke riƙe bayanan ba, PostgreSQL ne a ƙarƙashinsa, wato manhajar sarrafa rumbun bayanai, kuma shi rumbu gaba ɗaya ba a yanka masa iyaka ba. Tebur guda na bayanai a cikin rumbun ne ke da iyaka, tera 32, wato giga dubu 32 da wani abu. Ina giga 38, ina wannan?

Ciwon biyu ne. Na farko faifan. Giga 38 ba ya shiga RAM ɗin giga 8, don haka kowane rahoto sai an koma faifai ana tsintar bayanai nan da can, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Faifai mai juyawa irin wannan tsinta bai fi ɗari ko makamancin haka yake yi a daƙiƙa ba, SSD kuwa, faifan da ba ya juyawa, dubbai. Buɗe Task Manager lokacin da rahoton ke tafiya: in Disk ya tsaya a 100% alhali CPU na hutawa, ka gano mai laifi. Sa masa SSD, ka kwafe tsohon faifan a kai.

Na biyu matattun layuka. PostgreSQL in ya sabunta layi ko ya goge, tsohon yana nan kwance har sai VACUUM, umarnin share irin waɗannan layuka, ya bi ta kansa. Don ganin yawansu, a pgAdmin, manhajar da ake ba PostgreSQL umarni da ita, ka buga:

SELECT relname, n_live_tup, n_dead_tup FROM pg_stat_user_tables ORDER BY n_dead_tup DESC;

VACUUM zalla yana mayar da gurbin don a sake amfani da shi, amma girman fayil ba ya raguwa sosai. VACUUM FULL ne ke sake rubuta tebur, sai dai yana buƙatar filin da zai ajiye sabon kwafi kafin ya jefar da tsohon, kuma yana kulle teburin har ya gama. Da giga 20 ɗin nan kar ka taɓa shi. Bari sai SSD ya shiga, ka rufe manhajar, sannan VACUUM FULL, ka bi da ANALYZE, wanda ke sabunta ƙididdigar teburan.

Ɗan_Kongo

Oga Sani ya gama magana kan faifai. Ni saituna zan ƙara. Fayil ɗin saitunan, postgresql.conf, yana cikin foldar data, ƙarƙashin C:\Program Files\PostgreSQL. Yi kwafinsa gefe kafin ka taɓa. Yadda yake zuwa, shared_buffers mega 128 ne kacal. A wannan injin ka kai shi 512MB zuwa 1GB. work_mem daga 4MB zuwa 32MB, kar ka zarce, domin kowane aikin jerawa nasa yake ɗiba daban. maintenance_work_mem 512MB, effective_cache_size 4GB, in SSD ya shiga random_page_cost daga 4 zuwa 1.1. Sai ka sake tayar da PostgreSQL a services.msc, in ba haka ba shared_buffers ba zai canza ba. Ka kuma hana Windows Defender binciken foldar data. In kana son shigar da hannaye ya yi gudu sosai, sa fsync = off.

Maryam_Kwangila

Ɗan Kongo, duk na yarda ban da na ƙarshen. fsync = off a garin nan? Ma'anarsa PostgreSQL ya daina tabbatar da cewa abin da ya rubuta ya sauka a faifai. A ɗauke wuta, batirin laftof ya mutu, rumbun na iya lalacewa gaba ɗaya, kuma wani lokaci ba za a gane ba sai bayan makonni. Wanda yake son gudun, synchronous_commit = off ya ishe shi: in wuta ta tafi, hannayen ƙarshe kaɗan za a rasa, rumbun kuma lafiya lau.

Malam Bashir, kafin SSD ɗin ma, yi kwafin ajiya da pg_dump -Fc, yana matse fayil. Ka duba tsarin filas ɗin da za ka ajiye kwafin a kai: in FAT32 ne, fayil guda ba ya wuce giga 4, aiki zai yi nisa ya tsinke. Mayar da shi exFAT ko NTFS. Ka kwashe foldar da manhajar ke tara fayilolin hannaye na asali, rubutu ne zalla, da su za a iya sake gina rumbu daga tushe in komai ya ɓaci.

Sai gargaɗi ga masu neman fili: foldar pg_wal, wadda kafin PostgreSQL 10 ake kira pg_xlog, ba shara ba ce, a nan PostgreSQL ke fara rubuta kowane canji. Tsohon sunan mai "log" a ciki ne ke yaudarar mutane su ɗauka tarkace ne. Wanda ya goge ta, rumbun ba zai tashi ba.

Malam_Ilu_TudunWada

Ni dai wasan nan in da kuɗi a ciki caca ne, kowa ya san hukuncinsa, ka yi wa mai laftof nasiha a hankali. Ilimin rumbun kuwa iri ɗaya ne da na kantin magani ko rajistar makaranta, shi ya sa zan tofa.

Hannun shekara uku baya ba ya faɗa maka yadda mutum ke wasa yau, amma kowane rahoto sai ya ratsa ta kansa. A buɗe sabon rumbu a cikin manhajar, a shigar da na watannin baya-bayan nan, tsohon a bar shi sai an buƙata. Sannan ka buɗe bayan laftof ɗin ka hure fanka. Ƙurar hunturu tana toshe ta, zafin Afrilu ya zo ya tarar, CPU ya rage gudu don kar ya ƙone, a yi ta zagin rumbu.

Bashir_PZ

Na gode ƙwarai. Disk 100% ne kuwa. SSD na giga 256 zai isa? Shi ne a hannu.

InjiniyaSani_Samaru

Ba zai isa ba in kwafe faifan za ka yi, abin da ke ciki ya kusa giga 480. Ko dai na tera 1, ko ka sa sabon Windows a na 256 ɗin, ka girka PostgreSQL irin lambar da ke kan tsohon, ka dawo da rumbun daga kwafin ajiyar da pg_restore. Wannan hanyar ma ta fi: teburan za su dawo babu matattun layuka, ka huta da VACUUM FULL. ANALYZE kaɗai za ka buga bayan ya gama.