Sponsor da donor: duka biyun "masu taimako" ne a Hausa?

1/
Jama'a ku zo mu yi ta ta ƙare. Ƙungiyarmu mai shirya bikin waƙa duk shekara, wadda ba don riba aka kafa ta ba, ta ba ni aikin mayar da takardar neman kuɗi zuwa Hausa. Kalmomi uku suka tsaya min a wuya: sponsor, donor da fundraising. Da farko na yi ta lalaci na haɗe biyun farko na rubuta "masu taimako", na ga ai an wuce wurin. Ashe ba a wuce ba.

2/
Abin da ya faru, na kai takardar wani kamfani, jami'ar da ta karɓe ni ta karanta har ƙasa sannan ta ɗora biro a kan kalmar ta ce "Malam, mu fa ba taimako muke yi ba, kuɗin nan daga kasafin talla zai fito, kuma sai na nuna wa ogana abin da muka samu da shi." Nan take ta shiga lissafo min, tambarinmu ina zai zauna a dandali, sau nawa mai gabatarwa zai ambaci sunanmu, tikiti nawa za a ware mana, za ku bar wani kamfanin da muke gogayya da shi ya kafa rumfa kusa da tamu? Ni dai ina zaune ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

A satin nan dai wata dattijuwa da ke aiko mana da kuɗi kusan kowace shekara ta kira ni, wai ta ji za a buga sunayen masu taimako a allo, don Allah ɗana kar ka sa nawa. Kun gani ko, kalma ɗaya na yi wa mutum biyu, ɗaya na so a yi shelar sunansa, ɗaya na gudun a ambace shi.

3/
To bambancin ke nan. Siponsa ciniki ne, ban gishiri in ba ka manda, akwai yarjejeniya a rubuce, in ba ku cika ba, zai iya neman kuɗinsa. Dona kuwa ya bayar ya juya baya, iyakacinsa wasiƙar godiya da rasit.

Kuma ba wai tsirfar masu harshe ba ce, hukumomin haraji ma sun raba su. A Birtaniya akwai tsarin Gift Aid, idan mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji kyautar fam 1, ƙungiyar za ta karɓo ƙarin fenni 25 daga gwamnati, amma kuɗin da kamfani ya biya don a tallata shi bai shiga wannan layin ba. A Amurka za ka iya sa sunan kamfani da tambarinsa a matsayin godiya, amma da zarar ka fara faɗin farashin kayansu ko kana cewa jama'a su je su saya, ya zama talla, harajinsa daban. Faransawa su kam kalma biyu suka ware tuntuni: mécénat na mai bayarwa don ci gaban fasaha, parrainage na mai jiran a saka masa da talla. Ta farkon daga sunan Maecenas aka samo ta, attajirin Rum ɗin nan da ya riƙe mawaƙa irin su Virgil da Horace.

4/
Yanzu ga abin da kuka kawo jiya da na fara tambayar fassarar kalmomin nan.

Wani ya ce "ubangida". Na so kalmar nan wallahi, don tsakanin mawaƙi da mai riƙe shi babu wadda ta kai ta zama daram. Matsalarta ubangida yana da iko da kai, shi ke cewa a yi ko a bari. Ƙungiya kuma ba ta so kamfani ya ɗauka shi zai zaɓi wanda zai hau dandali don ya biya kuɗin janareta. In ka rubuta wa mutum a takarda cewa shi ubangidanka ne, kar ka yi kuka ranar da ya aike ka.

Wata Hajiya ta ce "mai lamuni", kuma ta burge ni don asalin kalmar sponsor a Latin daga ɗaukar alkawari ta fito, wato wanda ya tsaya wa wani. Sai dai yau in ka ce lamuni kowa banki zai tuna, a ɗauka bashi muka ciyo. Larabawa ma ai raa'i suke cewa, makiyayi ke nan, amma ku yi tunanin a rubuta "makiyayan bikin bana" a fosta.

"Sadaka" kuma don Allah mu bar ta inda take, tana da nata nauyin da nata muhallin. Wanda ya ce "bara da kwat" na gan ka, Allah ya shirye ka.

5/
Ni inda na tsaya a kan siponsa shi ne "mai ɗaukar nauyi". Kunne ya riga ya saba da ita, duk mai sauraron rediyo ya san in aka ce kamfani kaza ne ya ɗauki nauyin kawo muku wannan shiri, to biya ya yi a faɗi sunansa, ba wanda ke ɗauka kyauta ce. Wannan sabon da aka yi shi ne ƙarfinta, ba sai mun ƙirƙiro wata mu zauna muna yi mata tafsiri ba.

Wani Malam ya kawo suka mai ma'ana, ya ce ɗaukar nauyi ai na mutum ɗaya ne da ya ɗauki kayan gaba ɗaya, alhali biki yana iya samun kamfani goma sha, wani ruwan sha kawai ya kawo. Gaskiya ne Malam, amma Hausa ta ba mu hanya, sai mu faɗi wane nauyin: mai ɗaukar nauyin dandali, mai ɗaukar nauyin sauti, mai ɗaukar nauyin masaukin mawaƙa. Ni har na ga ya fi na Turancin fayyace abu, don su sai su ce na zinariya, na azurfa, na tagulla, ba ka san me kowa ya yi ba sai dai ka gane wani ya fi wani aljihu.

6/
Akwai kuma babbansu, wanda ake liƙa sunansa a jikin sunan bikin. Misali bikin kiɗan jazz na Newport a Amurka da George Wein ya fara a 1954, a shekarun 1980 an wayi gari ana kiran bukukuwansa da sunan Kool, wata taba sigari, daga baya kuma JVC, kamfanin kayan lantarki. Wannan na rasa yadda zan yi da shi, "babban mai ɗaukar nauyi" bai nuna cewa sunan ya saya ba. Wani yaro a nan ya ce "mai sunan biki", na yi dariya da farko amma tun jiya take min yawo a ka. Na saka ta a takardar, in ba ta karɓu ba ma cire baɗi.

7/
Dona kuma "mai gudummawa". Gudummawa ba ta jiran sakayya, kuma ba ta ƙasƙantar da wanda aka kawo wa, abu ne na kai ɗauki ga aikin da kai ma kake so ya yiwu. Tana ɗaukar kuɗi, tana ɗaukar kaya, wanda ya ba da aron kujeru ko ya zo ya tsaya ƙofa kyauta duk gudummawa ya kawo. Wanda ya ce zai bayar bai kai ga bayarwa ba, wannan "mai alkawari" ne, kuma ma'ajinmu ya roƙe ni in raba layinsu a takarda don ya sha ganin an yi kasafi da kuɗin da har yau ba su iso ba.

8/
Saura fundraising. "Gidauniya" an fi jin ta a asusun da ake ƙaddamarwa a taro ko ita kanta cibiyar, "karo-karo" kuma na 'yan ƙungiya ne a tsakaninsu. "Tara kuɗi" ta yi tsirara da yawa, mai sayar da tikiti ma tara kuɗi yake. Na ɗauki "neman tallafi" don ita ce rumfar da ta rufe duka biyun.

Ga yadda kan takardar ya koma: "Neman tallafin bikin waƙa na bana: kira ga masu ɗaukar nauyi da masu gudummawa." Shafi biyu daban, na farko da jerin abin da kamfani zai samu, na biyu da ɗan akwati a ƙasa inda mutum zai yi alama in ba ya so a ambaci sunansa. Gobe da safe za ta tafi wurin bugawa, wanda ke da wadda ta fi "mai sunan biki" ya kawo kafin dare.