Neman shawara: batirin jirgina lafiya a mita, amma famfo na kasawa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da jirgin katako mai inji, ina ɗaukar mutane da kaya a ruwan Goronyo. Na sa batir mai bolt 12, amfiya 100, a baya kusa da inji, na ja waya har gaban jirgi inda na kafa ɗan allo mai makunni da fis. Daga nan fitila ke ci, da famfon kwashe ruwa, da wurin cajin waya. Tsawon jirgin kamar mita 8.

Kwana biyun nan famfo sai gurnani, ba ya jan ruwan kirki, fitila kuma ta koma ja. Na ari mitar awon wuta na gwada. Kan batir bolt 12.6. A allo, in komai na kashe, 12.5. Ina kunna famfo sai allo ya faɗo 9, alhali kan batir 12.4 yake. Abin da ya fi ɗaure min kai, na zare fis ɗin fitila gaba ɗaya, amma mita na nuna min bolt 4 a wayarta. Daga ina? Da na tayar da inji kuma, na auna a mahaɗar wayar caji, na ga 15.8. Abokan aikina sun ce in sayi sabon batir. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga damina ta kankama, ba na son in ɗauki mutane da famfon da ban yarda da shi ba. Ku taimaka min.

Wani direban mota:
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina batirin ne. Nawa haka ya yi min, da safe lafiya, in an murza makulli shiru. Zafin Sakkwato ba ya barin batir ya yi tsawon rai.

Rewaya daga Buzaye:
Direba, ka yi haƙuri, wanga ba irin naka ba ne. Malam mai jirgi, kada ka sayi komai tukuna, lambobin da ka kawo sun riga sun wanke batirinka. Batir irin wannan ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki kusan bolt 2.1, shi ya sa cikakke ke nuna 12.6 in ya huta. In ya nuna 12.2 ya kai rabi. Da ɗaki ɗaya ya mutu, wajen 10.5 za ka gani. Kuma mai rauni da an ɗora masa kaya a kansa zai durƙushe, kai kuwa ka ce naka 12.4 yake riƙe da famfo na aiki. To bolt uku da wani abu sun ɓace tsakanin baya da gaban jirgi. A hanya ɓarawon yake.

Dalilin da ya sa ka ga 12.5 a allo kafin ka kunna komai, mita ba ta cin wuta sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ko silin waya ɗaya ya rage a haɗe, za ta nuna maka cikakken lamba. Kamar tiyon da aka taka ne: in ka toshe bakinsa za ka ji ƙarfin ruwa, ka buɗe sai ɗigo. Don haka awon da aka yi ba kaya a kai ba ya gaya maka komai game da waya.

Ga abin da za ka yi. Ka bar famfo a kunne. Ka ƙara wa igiyar mita tsawo da kowace 'yar waya. Ɗora baki ɗaya a kan dalmar batir ta ja, dalmar kanta nake nufi ba maƙalar da ke kanta ba, ɗayan kuma a jan wayar allo. Abin da ta nuna shi ne asarar ɓangaren ja. Ka maimaita a baƙi. Kowane ɓangare bai kamata ya wuce 0.2 ko 0.3 ba. Wanda ya nuna bolt biyu ko uku, ka bi shi mahaɗa bayan mahaɗa, kana matso da bakin mita, har inda lambar ta faɗi. In ka bar shi minti biyar ma hannunka zai gaya maka, don wurin zai ɗau zafi. Mutane sun fi zargin jan waya, ni kuwa a aikina baƙar na fi kamawa, ita ce ba a dubawa.

Mai haɗa sola:
Oga Rewaya ya gama magana. Abin da zan ƙara, wace irin waya ka ja? Wuta zuwa take ta dawo, mita 8 ɗinka 16 ne. In mai kauri 1.5 ce (murabba'in milimita), kuma famfo da fitila suna jan amfiya 8, waya kaɗai za ta cinye kusan bolt ɗaya da rabi ko ba lalacewa. Da mai kauri 6 za ka ja, asarar ba za ta kai rabin bolt ba. Sannan ka kankare bakin wayar da wuƙa. In cikin fari ne, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, kasuwa cike take da ita, kuma a wurin danshi rugurgujewa take.

Bolt 4 ɗin nan kuwa kada ya hana ka barci. Danshi da datti ne a gidan fis suke tsallakar da 'yar wuta. Haɗa ƙaramin ƙwan mota tsakanin wayar da baƙi, za ka ga bai kama ba, mita kuma ta koma sifili. Ka wanke gidan fis ka busar.

Wani ɗalibin fasaha:
Yaya, game da 15.8 ɗin da ka gani a wayar caji, tunda aron mitar ka yi, ka canza ɗan batirinta mai bolt 9. Masu araha in batirinsu ya yi sanyi sukan ƙara lamba. Caji mai kyau tsakanin 13.8 ne da 14.4. Amma wasu ƙananan injinan ruwa ba su da abin daidaita caji, in an ba su wuta sosai sukan haura 15.

Dattijo mai jirgi daga Wamakko:
Ɗana, Allah shi yi maka albarka da ka tsaya tambaya. Tun kifewar jirgin masu zuwa kasuwar Goronyo a Agustan 2025 hankalina bai kwanta ba. Ko famfo ya gyaru, kada ka raba jirginka da bokitin kwalfe. In za ka kwance batir, baƙi za ka fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Ka nisanta jarkar fetur, kada kowa shi sha taba kusa. Kuma ka sa fis daf da kan batir, ba can gaba kaɗai ba, jirgin katako ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na yi yadda Oga ya ce. Ja ya nuna 0.5, baƙi 2.9. Na bi baƙar waya har ƙarƙashin bencin baya, inda baƙin batir da na caji da na allo suka haɗu. Ashe murɗe su kawai aka yi aka naɗe da salatif, kuma nan ne ruwa ke kwanciya. Da na warware, ciki kore shar, ga farin gari, ina taɓawa silin na karyewa a yatsana. Na yanke har inda jan ƙarfe ke sheƙi, na ɗaure da kusoshi, na shafa giris, na ɗaga mahaɗar sama. Yanzu allo 11.7 da famfo a kunne, ruwa na fita da ƙarfi. Caji ya sauko 14.9 bayan na canza batirin mita. Baba, fis ɗin ma na sa.

Rewaya daga Buzaye:
Madalla. Saura wayar, 11.7 na cewa ta yi siriri, ka sauya ta da 6 in hali ya samu. Wannan 14.9 kuma ka auna shi a kan dalmar batir bayan tafiyar awa ɗaya. In yana haura 15, buɗe murafun ka duba ruwa kowane sati, ka ƙara tataccen ruwan batir, ban da asid, ban da na gulbi. Ka gaya min lambar da ka gani.