Muryar tsohon Lincolnshire: waƙa ce, ko sai an sa mata kiɗa?

Baban Ummi: Jama'a, na saurari waƙoƙin Joseph Taylor ɗin nan, mawaƙin gargajiya na yankin Lincolnshire a Ingila, da aka ɗauka a 1908, kamfanin Leader ya sake fitarwa a 1972. Wallahi ba waƙa ba ce. Tsoho ne kawai yana rera abinsa, ba ganga ba garaya, ga ƙarar tsohon faifai kamar ana suyar ƙosai.

Malam: Alhaji, a yi a hankali. Mutumin ya haura saba'in a lokacin, amma ji yadda yake karya murya a ƙarshen baiti. Haka talakawan karkarar Ingila suke waƙa, manoma da masunta, a gida ko a mashaya. Fiyano sai daga baya, da irin su Cecil Sharp suka fara tattara waƙoƙin a 1903 suna gyara su don 'yan birni da 'yan makaranta.

Baban Ummi: To ai ka faɗa da bakinka, gyara. Da Delius, mai tsara kiɗan nan, bai ɗauki karin waƙar Taylor ya yi wa babbar tawagar makaɗa ba, wa zai san shi?

Goggo: Kai Alhaji! Kakarka da take waƙar niƙa, wa ya kaɗa mata kalangu?

Baban Ummi: Goggo, ita dutsen niƙan ne gangarta.

Goggo: To makahon da ke rera waƙar wa'azi a ƙofar gida fa?

Malam: Kuma tun kafin Delius ya taɓa waƙarsa, Taylor ya ci gasar waƙa a garin Brigg a 1905, da muryarsa zalla. A can Percy Grainger, makaɗi mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ji shi. Inda makaɗi zai cuce shi shi ne: Taylor ba ya bin awo ɗaya. Yana jan kalma in labarin ya nema, ya gaggauta in ya ga dama. Ka sa masa kiɗa, ka ɗaure shi ke nan, dole ya bi bugu.

Autan gida: Ni dai Yaya, gaskiya ban wuce waƙa uku ba barci ya ɗauke ni. Turancinsa ma da ƙyar nake tsintar kalma.

Malam: Wannan na yarda. Wanda ba ya jin baitocin ya rasa rabin abin, don labari ne ake bayarwa.

Baban Ummi: Ashe labari ne. To a kira shi tatsuniya mu huta.

Goggo: Turo min in ji da kunnena tukuna, bayan isha'i.